Ranar da Muka Gwada Firam a Kakuri

Na yi shekaru ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na yarda in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma abin ba shi da daɗin tunawa.

A shekarun 1980 ina aiki a wani kamfanin haɗa ƙarfe a Kakuri. Aka ba mu aikin firam ɗin rufin wani sito. Injiniyanmu ya zo da doguwar takardar kwamfuta mai huji-huji a gefe, wadda ta lissafa yadda ƙarfen zai lotsa a kowane nauyi. Aka haɗa firam ɗaya a fili don a gwada a ga ko zai bi lissafin. Ana jera durom a samansa ana cikawa da ruwa, ni kuma ina tsugune a ƙasa da rula, ina faɗin milimita nawa tsakiyar ta sauko. An zaɓe ni ne don an san komai sai na auna sau biyu.

Har durom na huɗu, rula da takarda bakinsu ɗaya. A na biyar na ce, "Sha tara."

Injiniya ya ce, "Sha biyu ke rubuce. Malam, buɗe idonka."

Na sake dubawa. Sha tara ne.

Foman, mai kula da mu ma'aikata, ya daka mini tsawa: "Kai ka fi kwamfuta sani? Da wane digirin?" Aka kwashe da dariya. A wurinmu ƙaramin ma'aikaci ba ya musu da takardar oga. In ta saɓa, idonka ne da laifi. Na ce, "Sha biyu ne, oga."

Injiniya ya rubuta, ya ce a ƙara durom.

A na bakwai ƙarfen ya yi ƙara, na mirgina waje. Wani mutumin Binuwai da ke sama riƙe da tiyo ya faɗo, durom ya biyo shi ya sauka a cinyarsa. Ƙashi ya huda wando. Jini da ruwa suka malale har ƙafata.

Ba a gama ɗaga shi ba aka rufar wa mai waldarmu, wani dattijo ɗan kudancin Kaduna da muke kira Baba. Foman ya fara da mari. "Waldar banza! Ka nakasa mutum!" Wani ya buga masa rodi a baki, haƙora biyu suka zube. Yana tofar da jini yana cewa, "Ku duba haɗin mana! Ina ya tsage?"

Na duba. Babu inda ya tsage. Ƙarfen ne ya karkace a tsakiya. Ban ce uffan ba. Injiniya ya rubuta cewa gwaji ya bi lissafi daidai, walda ce ta ba da matsala. Ranar aka kori Baba.

Daga baya na neme shi a unguwarsu, Romi, aka ce ya tashi, wai ya koma wajen Gonin Gora. Can ma ban same shi ba. Gajere ne, da hagu yake walda. Don Allah duk wanda ya san inda yake, ko inda 'ya'yansa suke, ya sanar da ni ta hannun masu buga littafin nan. Ko kabarinsa ne, ina so a nuna mini.