Ofel ɗin Labaran

Labaran Bakanike mutumin Bichi ne, amma a unguwar Abakpa aka san shi, inda ya kafa rumfar gyaran mota a gindin wata bishiyar mangwaro. Gwanintarsa a giyar baya take, wato tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, inda wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai haƙora yake juya babban faifai mai haƙora. In haƙoran ba su zauna daidai ba, mota ta dinga kuka ke nan a kan hanya. Labaran yakan shafa musu jan fenti, ya juya da hannu, ya duba inda fentin ya goge. In bai goge a tsakiyar haƙori ba, sai ya kwance, ya ƙara siririyar wosha ko ya rage, ya sake ɗaurawa. Ba ya gajiya da wannan, kuma ba ya son a tsaya masa a kai.

Matarsa Hansai 'yar Ƙauran Namoda ce. Tun da aka kawo ta Unguwar Kanawa sau ɗaya ta je gida, a jirgin ƙasa, lokacin haihuwar fari.

A shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, wani malamin makaranta Ba'indiye da zai koma ƙasarsu ya sayar wa Labaran tsohuwar mota ƙirar Ofel mai sitiyari a dama, irin na da. Ranar da aka jawo ta rumfa ya shiga gida da murna.

"Hansai, kin daina shiga jirgi. A motar mijinki za ki je ki gai da Inna."

Ta yi dariya, ta ce Allah ya nuna mana. Har ta aika wa mahaifiyarta da labarin.

Inji ya gyaru, birki ya gyaru, an yi mata fenti. Giyar baya ce ta ƙi. Haƙoran sun riga sun cinye, sababbi kuwa ba a samu. Ya samo na wata mota da ta yi haɗari, ya ɗaura, ya fita gwaji ta hanyar Zariya. Da ta ɗauki gudu sai wani siririn kuka ya taso daga baya. Direbobin da ke zama a rumfarsa suka ce ai wannan ba komai, motocinsu sun fi haka ƙara. Labaran ya ce ba za a ji motar mai gyaran giya tana kuka a ƙofar gidan surukansa ba. Ya sake kwancewa.

Sai kuma kuɗin Udoji na ƙarin albashin ma'aikata suka zo, gari ya cika da motoci, aiki ya yi masa yawa. Ofel ta zauna a kan jak, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Duk sallah Hansai takan tambaya.

"Malam, ko in bi jirgi? An ce Inna ba ta jin daɗi."

"Ki ɗan ƙara haƙuri. Abin da ya rage kaɗan ne."

Ba ƙarya yake yi ba, shi ma haka ya ɗauka.

Wata safiya yana kwance a ƙarƙashin motar wani, sai ya ga ƙafafun mutum a tsaye. Yusha'u ne, ƙanin Hansai, direban babbar mota.

"Yaya, sai haƙuri. Inna ta rasu jiya, an yi mata sutura. Har ta cika tana tambayar ko kun taso."

Labaran ya fito daga ƙarƙashin motar. Ya tashi, ya haɗa giyar Ofel yadda ta zo hannunsa, ko fenti bai shafa ba, ya zuba mai, ya sauke ta daga jak. Da azahar suka kama hanya. Motar ta yi kukanta tun daga Kawo har Funtuwa, har Gusau, har Ƙaura, amma ko sau ɗaya ba ta tsaya ba. Hansai tana baya da yara, ta lulluɓe fuska. Shi kuwa ya gwammace a ce faɗa ta yi masa.

Bayan addu'ar bakwai ta ce za ta zauna har arba'in. Ya dawo shi kaɗai. Da lokaci ya yi ya aika cewa zai zo ɗaukarta, ta ce kada ya wahalar da kansa, Yusha'u zai saka su a jirgi.

Sun ci gaba da zamansu lafiya, har suka aurar da 'ya'ya, maganar ba ta taɓa tashi a tsakaninsu ba. Ofel kuwa ya sayar wa wani mai kai atamfa kasuwannin ƙauye. Mutumin ya yi shekaru yana wucewa da ita ta gaban rumfa, yana ɗaga wa Labaran hannu, Labaran ya ɗaga masa, ya koma ƙarƙashin mota.