Ranar da Mai Guga Ta Bar wa Yaya Jinya

A layinsu babu mai kiranta da sunanta. Mai Guga kowa ke ce mata, har yaran da aka haifa jiya. Tun tana budurwa take tsaye a shagon wanki da guga na bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da kantin magani, tana miƙar da rigunan mutanen da ba su taɓa ɗaga ido sun dube ta ba. Ta yi aure, auren ya mutu, ta dawo gidan mahaifiyarta da akwati ɗaya, washegari ta koma bakin aiki. Mace ce mai ƙarancin magana da yawan riƙo. In ka ɓata mata rai ba za ta tanka maka ba, amma kada ka yi zaton ta manta.

Su biyu Inna ta haifa: ita da yayanta, dillalin motoci, mutum mai fara'a da ƙamshin turare. Tun suna yara shi ne ɗan lele. In ya fasa kofi, kofin ne ya tsufa. In ita ta fasa, hannunta ne ba shi da albarka. A haka suka girma, kuma a haka furfura ta fara fito musu.

Da likitoci suka gama gwaje-gwajensu suka ce ciwon daji ya ci jikin Inna, babu sauran abin yi sai a mayar da ita gida a lallaɓa ta, ba a yi wani zaman shawara ba a kan wanda zai yi jinya. Kowa ya juyo ya dubi Mai Guga, shi ke nan magana ta ƙare. Ta mayar da aikin shago na rabin yini, daga baya ta ajiye shi gaba ɗaya.

Wata nas da ke zagayen gidajen marasa lafiya ita ta nuna mata hanya. A riƙa juya Inna akai-akai don kada bayanta ya yi gyambo. Zanin gado kuwa kada a bar masa tattara ko ɗaya, domin ƙaramin ninki ma yana cin fatar wanda ya daɗe a kwance. Nan fa aka zo fagen Mai Guga: takan ja zanin ta shafe shi da tafin hannu har ya kwanta sumul. Sauran aikin ne ya ci ƙarfinta. Juya babban mutum aikin mutum biyu ne, ita kaɗai take yi, gwiwa ɗaya a kan katifa, kwankwasonta na ƙara. Ta canza kunzugu, ta wanke, ta shanya, ta goge amai. Da haɗiya ta fara gagarar Inna, nas ɗin ta ce a ajiye kofi kwata-kwata, a riƙa jiƙa auduga ana shafa mata a leɓe.

Yaya yana zuwa, kada a yi masa ƙarya. Sai dai ya iya zaɓen lokaci. Yakan iso bayan an yi wa Inna wanka, an buɗe taga, an fesa wa ɗakin turare. Ya zauna a bakin gado, ya karɓi cokali daga hannun ƙanwarsa, ya miƙa mata wayarsa.

"Ƙanwata, ɗan ɗauke mu mana."

Kafin ya kai bakin mota hoton ya shiga guruf ɗin hirar dangi na waya, addu'o'i sun fara zuba: ɗa na gari, Allah ya ba ka masu yi maka. Mai riƙe da waya ba ta fitowa a hoto, don haka dangi ba su taɓa ganinta ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Inna kanta. Matar da ta yini ba ta ce uffan ba, da ta ji ƙarar motarsa sai ta buɗe ido ta ce, "Babana ne ya zo?"

Abu biyu Mai Guga take so a duniya a lokacin nan. Tana so Yaya ya shaƙi warin ɗakin nan ko sau ɗaya kafin a gyara shi. Kuma tana so in ranar ta zo, Inna ta cika a hannunta, ita ta rufe mata ido. Ita ta sha wahalar, ta ga ko ba a ba ta komai ba, wannan nata ne.

Goggonsu ce ta ƙarasa tunzura ta. Ta zo dubiya, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce ɗakin yana ɗan tashi, a riƙa kula. Da za ta fita ta dafa kafaɗar Mai Guga.

"Ke dai ki gode wa Allah da ya ba ki yaya irin wannan. Yaron nan yana ta ɗawainiya, duk ya rame."

Mai Guga ta ce, "Haka ne, Goggo." Ta raka ta har bakin ƙofa, ta dawo tana jin zuciyarta kamar ta fashe. A nan ta ci alwashin sai Yaya ya ɗanɗana kuɗarsa.

Ta san jikin Inna kamar yadda ta san zafin dutsen guga, ta san lokacin da cikinta ke motsawa ta ɓata kunzugu. Ranar da Yaya ya zo cikin farar riga sabuwa fil, ta tarbe shi da fara'ar da bai saba gani ba, ta ɗauki jakarta.

"Yaya, zan leƙa kantin magani. Ka ɗan zauna da ita."

"To, amma kada ki daɗe. Akwai mai sayen mota da ke jirana."

Ba ta nuna masa inda kunzugu yake ba, ba ta nuna masa roba da sabulu ba. Ya nema da kansa, ai yana da ido. A bakin ƙofa maganar kofi ta faɗo mata a rai, ta ɗan tsaya, sai ta taɓe baki. Yaya ba ya ba Inna ko ɗigon ruwa sai in akwai mai ɗaukar hoto, yau kuwa mai ɗaukar hoton ta fita. Ta kashe wayarta ta wuce.

Ba kantin magani ta shiga ba, tsohon shagonta ta faɗa. Mai shagon ya ce, "A'a, yau ke ce? Ya mai jiki?"

"Tana hannun ɗanta na gari," in ji ta, ta jawo kwandon riguna.

Rabonta da jin daɗi irin na yinin nan har ta manta. Tana guga tana hango shi: ya naɗe hannun riga, yana yamutsa fuska, yana neman inda zai kama, yana kiran wayar da ba ta shiga. Kowace riga ta ɗauka sai ta ga kamar tasa ce, ta danna mata dutse da ƙarfi. Har waƙa ta yi ƙasa-ƙasa. Sai da rana ta yi sanyi ta kunna waya, ta ga kiransa jere ba iyaka, ta yi murmushi ta ce a ranta, yanzu ka fara.

Tun daga nesa ta hango takalma jibge a ƙofar gidansu. Ta ruga ciki.

An lulluɓe Inna. Zanin gadon ya cukurkuɗe a ƙarƙashinta, an riga an rufe mata ido. Wata maƙwabciya ta rungume Mai Guga tana kuka tana cewa, "Ki yi haƙuri. Ai ta yi dace, a hannun ɗanta ta cika." Mai Guga ta tsaya ƙiƙam, hawaye ya ƙi zuwa.

Nas ɗin, wadda maƙwabta suka kira, ta ja ta zuwa kicin ta rage murya.

"Yayanki ya ce ya ba ta ruwa a kofi ta yi tari. Na duba, ruwan bai wuce bakinta ba, ga shi can duk a matashin kai. Lokaci ne ya yi, ko kina nan haka za a yi. Ya ƙi tsayawa ya saurare ni, kuma ana jirana a wani gida. Don Allah ki gaya masa, kada ya ɗora wa kansa."

Mai Guga ta ce to.

A bayan gida ta same shi, tsugune a gindin igiyar shanya. Farar rigar ta ɓaci har gwiwar hannu. Ashe ya canza kunzugun, ya yi shi a karkace, amma ya yi. Ya ɗago jajayen idanu ya dube ta.

"Ta yi ta kiranki," ya ce. "Ko kallona ba ta yi ba. Ke take nema, tana cewa ina 'yata, ita ta iya juya ni. Na ce kin je kanti, yanzu za ki dawo. Sai ta ce ruwa, na ɗauko kofi."

Maganar ta soke ta har ƙashi. Shekara da shekaru tana jiran Inna ta neme ta, ranar da aka neme ta tana can tana guga tana waƙa. Baƙin cikin ya taso mata, ya rasa inda zai sauka, sai ya sauka a kan mutumin da ke tsugune a gabanta. Shi ya ji kiran da aka yi mata. Shi ya rufe idon. Ko wannan ma sai da ya karɓe.

"Ƙanwata," ya ce, "ki gaya mini gaskiya don Allah. Ni na kashe ta?"

Saƙon nas ɗin yana nan a bakinta, kalma kaɗan ce, da ta faɗa da ya samu barci. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ai ba a ba ta ruwa a kofi, Yaya," ta ce a hankali. "Duk mai jinyarta ya san haka."

Ya zame ya zauna daɓas a ƙasa, ya kama kansa da hannu biyu. Ita kuwa ta juya ta koma ciki, don mata sun fara tambaya ina 'yar marigayiya.