Ranar da Jinkar Kaka Tumba ta Hau Tudu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam Arzika, ɗan gwaggona, taubashina, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a sashen nazarin al'adun ƙasar nan a jami'a. Abokan aikinsa sun faɗi abin da suka sani game da shi tun makon da ya rasu, kuma sun fi ni iya alƙalami nesa ba kusa ba. Ni mahauci ne a Talata Mafara, karatuna bai wuce firamare ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki biro in ajiye, don tsoron kada in ƙara masa abin da bai yi ba, ko in rage masa. Bana na duba na ga waɗanda suka shaida abin da na shaida sun kusa ƙarewa, sai na daure. Inda na yi kuskure Allah ya yafe mini, iyalinsa kuma su gyara.

Abin ya faru ne a shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori. Kakarmu Tumba, wadda ta haifi babana da mahaifiyar Arzika, ta koma ƙauyensu bayan rasuwar kakanmu, tun da sauran ƙuruciyarta. Tungar Ɗunya ake kiran wurin, a ƙasar Maradun, dab da gulbi. Ita ce ungozomar garin tun kafin a haife mu. Da aka ce ruwa zai cinye tungar, aka nuna wa mutane wani tudu, suka yi ta tashi da rani, gida bayan gida. Har ɗaki suka gina mata a can, saura rufi kawai. Ita ko ta ce ba inda za ta. Wata maƙwabciyarta ce ke sauko mata da fura da tuwo kullum, tana roƙonta, tana komawa ita kaɗai.

Ni barci ya ƙaurace mini. Ina tsaye a kan teburin nama, mai saye na magana, hankalina yana bakin gulbi. Duk ranar da ba kasuwa sai in hau mota in je. In ce mata damina ta kusa, ta ce ta ga damina kafin ubana ya ga duniya. In ce wannan ruwan ba irin wanda ta sani ba ne, tare shi aka yi, ta ce to mai tare shi ya zo ya gaya mata da bakinsa. Da yake akwai wasan jika da kaka tsakaninmu, mijinta matsoraci take kirana, ta ce da ta san haka nake da ba ta karɓi sadakina ba. In yi dariya a gabanta, in dawo gida da ciwon kai.

Da na rasa dabara sai na aika wa Arzika saƙo ta bakin wani direba. Amsar da ta dawo ita ce dama yana tafe da ɗalibansa, za su yi aikin hutu a yankinmu. Na yi hamdala. A raina na gama tsara komai: motar jami'a za ta tsaya ƙofar ɗakinta, samari su kwashi kayanta, a tallabe ta a sa a gaba.

Suka iso, ɗalibai kamar goma, biyu daga ciki mata. A gidanmu suka sauka. Sun riga sun yi kwanaki a Bakura wajen masu ginin tukwane, a Mafara kuma suka zauna da mu mahauta da makaɗan kalangunmu. A nan na fara ganin yadda suke aiki, kuma har yau ban daina mamaki ba. Suna da rikoda mai cin batir, amma Arzika ya kafa musu doka: ba mai kunna ta sai ya gaisa ya gama, ya faɗi ko shi ɗan wane ne, ya nemi izini. Kuma ba a tafiya da muryar mutum sai an kunna masa ya ji, ya ce ya yarda. Da yamma sukan zauna a tabarma a ƙofar gida, su saurari abin da suka ɗauka, su yi ta gardama a kan ma'anar abu guda, shi yana gefe yana jinsu. Ban taɓa sanin cewa kiɗan da ake yi wa babana a mahauta abin da za a karanta a jami'a ba ne. Sai dai duk wannan lokacin ni sama nake kallo, ina cewa a raina, ga tsohuwa can a bakin ruwa, su suna nan suna gardamar kalangu.

Ranar da muka tafi, tudun muka fara isa. Mutanen da suka ga mota da samari riƙe da takardu sai suka ɗauka 'yan awon gonaki ne suka dawo. A lokacin ba abin da ke ɗaga hankalin manomi kamar wannan. Fuskoki suka ɗaure. Wani dattijo mai suna Nomau ya taso yana faɗa tun ba a kashe mota ba. Ni har na fara duba ta inda za mu juya. Arzika ya sauko, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gida da gajiyar tashi da dabbobi, bai gajarta ko guda ba. Sannan ya gaya musu gaskiya: ba su auna komai, ba su da ikon ƙara wa kowa ko rage masa, su masu neman sani ne, shi kuma jikan Tumba ne. Wasu suka watse, ransu a ɓace. Nomau ya ce in dai jikanta ne, to ya je ya gwada sa'arsa.

Muka gangara tungar. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Gari guda ba rufi, don kowa ya ɗauke jinkarsa ya tafi da ita, sai bangaye zagaye-zagaye suna kallon sama. Ba kukan kaza, ba ƙarar turmi. Ɗaki ɗaya tak ke da jinka, ga Kaka a ƙofarsa tana kaɗi. Ta dubi Arzika ta ce yau ga mijinta mai ido huɗu, saboda tabaraunsa, ya tuna yana da mata. Shi kuma ya ce ai ya ji labari ta kori gari duka don ta zauna da aljanu. Na matso na raɗa masa cewa yara su fara da tukwane. Ya ce in zauna.

Bai yi mata maganar ruwa ba ko sau ɗaya. Abin da ya tambaye ta shi ne, a wane ɗaki aka haifi innarsa. Ta ajiye mazari, ta nuna wani kango da baki, ta ce mabiyiyarta na nan bayansa, rufe da kasko. Mabiyiya ita ce abin da ke biyo jariri bayan haihuwa, wadda ungozoma ke binnewa a bayan ɗakin mai jego. Sannan ta ce:

"Duk wanda kag gani bisa tudun can, ni na binne mabiyiyatai da hannuna. Na san ta kowa. In na tahi ruwa ya ruhe wurin ga, wa za ya ce ga inda wane ya soma?"

Duk zuwan da nake yi ban san wannan ne ke riƙe da ita ba. Sai Arzika ya kira ɗaliban nan mata biyu, ya miƙa wa babbarsu, Hajara, rikodar. Ya ce wannan magana ce ta mata, su za su riƙe ta, mu maza mu bi daga nesa inda kunnenmu bai kai ba. Hajara ta zauna kusa da Kaka ta yi mata bayani, ta ɗauki gaisuwarta ta kunna mata. Kaka ta saurara da kyau, ta tambaya wace tsohuwa ce wannan mai surutu haka. Da ta gane ita ce, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: sai an kai wa mutanen tudu sun ji.

Washegari da hantsi suka fara. Tana dogara sanda, 'yan matan na gefenta, suna shiga kango suna fita. Ta tsaya, ta nuna ƙasa da sandar, ta yi magana, su wuce. Ba ta tsallake gida ko ɗaya ba, har gidajen da masu su suka daɗe da mutuwa. Ɗaliban maza kuwa suna zana taswirar garin a takarda, suna bin sawunta. Wajen azahar sai na ga gabas ta yi baƙi. Na tuna ramin da muka ƙetare da mota, na tuna batir, na tuna ƙafafunta. Ban san lokacin da na bar wurinmu na nufi matan ba. Arzika ya biyo ni, ya riƙe mini gefen riga, ya mayar da ni.

Da la'asar aka kunna kaset ɗin a tudu, mata a kusa, maza a baya-baya. Kaka ba ta zo ba, tana ɗakinta. Muryarta ce kawai ke fita, tana kiran suna, tana faɗin wuri: ta wance gindin zogale, ta wane bayan rumbu, shekarar da fara ta zo. Na ga mutane masu furfura sun yi tsit kamar ana kiran sallah. Wata mata ta ji sunan ɗanta da ya rasu yana goye, wanda ita kanta ba ta ƙara ambata ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da aka zo kan Nomau, muryar ta ce an haife shi ana tsakar girbi, ya zo da kuka tun kafin a yanke cibi, kuma har yau bai yi shiru ba. Wurin ya ɗauki dariya. Shi bai yi ba. Ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya ce duk mai kafaɗa ya biyo shi, a ɗauko jinkar Tumba.

Wanda bai taɓa ganin ɗaukar jinka ba, ga yadda ake yi. Akan kwance ɗaurin da ya haɗa ta da bango, maza su kewaye ta, a ɗaga gaba ɗaya da murya ɗaya, sannan su shige ƙarƙashinta su aza gefenta a kafaɗa. Na ciki ba ya ganin gabansa, sai ƙafafunsa. Dole a sami wani a waje ya riƙa faɗa musu hanya. Ɗaliban suka tuɓe takalma suka shiga cikin manoma. Akwai wani dogo da ya sa jinkar ta karkace, aka yi ta yi masa tsiya har ya rage tsawo da gwiwa. Na matsa zan shiga, sai Arzika ya leƙo daga ƙarƙashi, ciyawa a kansa, ya ce:

"A'a, Labbo. Kai da ke hango masifa tun ba ta taso ba, kai za ka yi mana jagora."

Haka na yi ta tafiya da baya, ina kiran rami, ina kiran kututture, dama, hagu, a hankali. Kuma don haka ne ni kaɗai na ga abin gaba ɗayansa: rufin ɗaki yana tafiya a kan ƙafafun mutane, na malamin jami'a da na manomi ba ka bambance su, ga baƙin hadari a bayansu. Can baya kuma Kaka Tumba ce da sandarta. An ce ta shiga mota ta ƙi. Ba wanda ya ce mata ta taso. Inuwarta ta tashi, ta bi ta. Ba ta waiwaya ba, ni ne shaida, don fuskata na kallonta har muka hau tudu.

Hadarin nan ko ɗigo bai zubar ba, iska ta watsa shi. Arzika ya yi shekaru yana tambayata ko na shanya rigata. Amma ruwan gulbi ya zo a lokacinsa, kuma yau inda Tungar Ɗunya take sai jirgin masunta.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Zai ga shinkafa da albasa a bakin magudanan ruwa, zai ga kowane yaro da waya mai ɗaukar murya a aljihu, abin da su sai da jami'a ta saya musu. Zai kuma ga ƙauyuka a ƙasarmu da ake tashi daga cikinsu a guje saboda rashin tsaro, ba mai tsayawa kwance jinka, ba mai zagaya kangaye da tsohuwa. Wannan shi ke hana ni barci yanzu. Ban isa in sa masa magana a baki ba. Zatona dai shi ne zai nemi inda mutanen suka raɓe a cikin gari, ya tuɓe takalmi, ya fara da gaisuwa.

Na daɗe ina fargabar ko gara ta cinye kaset ɗin nan. Bara sai ga Hajara ta zo gaishe da iyalinsa, ta zama babbar malama a sashen, kanta ya yi fari. Ta ce yana nan, an juye shi, kuma har yanzu da wannan ake fara koya wa sababbin ɗalibai yadda ake shiga gari. Ta sa aka zuba mini shi a wayata. Na saurara daga farko har ƙarshe. Na ji inda Kaka ta nuna mabiyiyar babana. Na yi ta kasa kunne ko zan ji Arzika, amma aikin da ya fi alfahari da shi a rayuwarsa, babu muryarsa a ciki, sai wuri ɗaya. Ana tsakar kiran sunaye sai ka ji takun gudu, ka ji wani yana haki yana cewa hadari fa ya taso. Ni ne. Sai wata murya a bayansa, ƙasa-ƙasa, da dariya a cikinta:

"Bar ta ta gama, Labbo."

Allah ya jiƙan Malam Arzika, ya jiƙan Kaka Tumba. Ta gama, kuma ana ji har yau.