Baffa Kalilu, mai tsaron kushewun Tudun Arzika

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanen mahaifina, Baffa Kalilu, a gidansa da ke Ambursa, yana da shekara saba'in da takwas. Ina ofis a Birnin Kebbi aka kira ni, na hau babur na taho.

Baffa, a bakinka na ji yadda maƙabartar gidanmu ta samu. Ka ce wata shekara ruwa ya yanke hanyar maƙabartar gari, kakanka Arzika ya rasu, aka rasa inda za a kai shi, sai aka rufe shi a kan tudun gonarsa. Matarsa Baiwa ta bar wasiyya a sa ta kusa da shi. Daga baya ƙyanda ta ɗauki yara bakwai cikin wata guda, aka jera su a gindin kanya. Yau mutum arba'in da ɗaya ke kwance a wurin. Babu allo, babu rubutu, sai guntayen tukwane da ƙasa ta haɗiye. Kai kaɗai ka san wane ne a ina.

Duk sa'ad da aka yi rasuwa, kai ke shiga gaba, ka taka ƙasa a hankali, ka dangwara sanda ka ce a haƙa nan. Ba a taɓa cin karo da kowa ba. Shekarar da ambaliya ta zaftare gefen tudun ta tone kabari biyu, mu samari muka tsaya daga nesa. Kai ka shiga kwalekwale da sabon ƙyalle, ka tattara ƙasusuwan da hannunka, ka mayar da su sama. Ba ka kunyata mu ba. Cewa kurum ka yi, "Gwaggonku Zuhura ta, ba ta cutar da kowa."

Bayan nan ka ce mini, "Musaddiq, taho in gwada maka wurin ga tun ina iya tafiya." Na ce sai na samu hutu. Ka sake faɗa da Sallah, na ce sai an gama girbin shinkafa. Shekara biyar ina faɗin haka.

Ranar da za mu rufe ka, muka shiga babu mai shiga gaba. Muka zaɓi wuri, aka haƙa kamu uku, diga ta ci karo da itacen tsohon kabari. Mai haƙa ya saki digar ya ja da baya yana salati. Muka mayar da ƙasa, muka matsa. Nan ma haka, har na ga farin abin da ba zan faɗa ba. Gawarka na kan makara cikin rana, ni kuwa na kasa ɗaga ƙafa, don ban san a kan wa nake tsaye ba.

Aka aika gida wurin matarka, Inna Hauwa'u. Ta ce ka faɗa mata tun bara: a kai ka can bakin gaɓa, inda ruwa ke ci, don nan ne kurum babu kowa. Can muka sa ka.

Jiya na koma. Ruwan ya hau, tsakaninsa da kai bai fi taku tara ba. Mun jera buhunan ƙasa, amma damina da saura. Duk sa'ad da hadari ya taso sai gabana ya faɗi. Kuma akwai tsofaffi uku a gidan nan, in aka kira ɗayansu gobe ban san inda zan ce a haƙa ba.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanka Kalilu, Ka suturta shi kamar yadda ya suturta mamatanmu, Ka tsare makwancinsa, Ka haskaka shi. Ka yafe mini sakacina. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Hauwa'u, da 'ya'yansa Abdussamadu da Mansura, da dukkan zuriyar Arzika. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.