Awatif da Rigar Matar Fayyum

Duk wanda ya san Awatif a unguwar Sayyida Zainab ta ƙasar Masar, da jaka biyu ya san ta, ta cefane da ta ɗinki. Ta cefanen ta fi nauyi, amma ta ɗinkin ce ta cinye mata yatsu.

Ƙuruciyarta a ofis ta ƙare, tana dukan tafireta tun safe har la'asar. Ta raini 'ya'ya uku a hawa na huɗu, a gidan da matattakalarsa ta fi mai gidan tsufa. Ta yi jinyar uwar miji har Allah ya karɓi abarsa, ta juyo ta yi jinyar tata uwar. Da ta yi ritaya, mijinta Mitwalli, tsohon mai duba tikiti a jirgin ƙasa, ya ɗauka yanzu kam za a zauna a sha shayi. Ashe matan Alhamis na jiran ta.

Matan Alhamis wasu bayin Allah ne da ke haɗuwa a wani tsohon gida bayan Azhar, suna ɗinka irin tufafin da matan Masar suka saka shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Ba sayarwa suke yi ba, sha'awa ce kawai ta ɗora musu wahala. Shugabarsu Madam Safinaz ta yi shugabancin makarantar 'yan mata, kuma har yau ba ta sauke muryar ba. Dokarta biyu ce: babu keken ɗinki, sannan abin da ido ya gani a tsohuwar riga shi hannu zai yi, ba ƙari ba ragi. Sau ɗaya a shekara kowacce kan saka abin da ta ɗinka, su zaga tsakar gidan a gaban dangi, a ɗauki hoto.

Awatif ta yi shekaru a cikinsu ba ta taɓa zagawa da rigar kanta ba. Hannunta ya fi na kowa kyau, shi ya sa kullum kalmasar wata ce a cinyarta. "Ƙawata, ɗan kama mini wuyan nan." Ta kama. Ranar zagaye tana gefe da fil a baki, tana gyara wa mutane mayafi.

Sai sanyin ƙashi ya shiga yatsun. Likita ya murza su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Hajiya, allura ta ishe ki haka." Ta ce to. A cikin bas kuma ta yi ciniki da kanta: riga ɗaya tal, tata ta kanta, ta saka ta zaga tsakar gidan nan, daga nan ta ajiye allura har abada.

A gidan tarihi ta samo wadda za ta kwaikwaya. Rigar lilin ce, shimfiɗe a ƙarƙashin gilashi, da ado shuɗi a ƙirji, an rubuta cewa ta wata mace ce daga Fayyum, wani yanki na karkarar Masar. Awatif ta yi ta zuwa tana auna ta da taƙi ta saman gilashin, har mai gadi ya gaji da cewa, "Hajiya, gilashin nan ba ya son shafa." Ta lura wuyan ƙarami ne, hannuwan a manne suke da jiki, babu ɗan ƙyallen nan da ake sakawa a hammata, ƙasan kuma a tsuke. Adon ƙirjin sumul yake kamar ba hannu ya yi ba, amma ɗinkin gefe manya-manyan taku ne, na mai sauri. Doka doka ce. Awatif ta yi wata biyu tana koyon yadda ake yin gaggawa.

Tana ɗinki tana zancen matar a ranta. Wataƙila ita ma ta kaɗa zare har yatsunta suka kumbura. Wataƙila ta ɗebo ruwa, ta toya burodi, ta yi jinyar uwar wani, ta je gidan wanka na mata don kawai ta sami inda ba a kiran sunanta.

Mitwalli kan leƙo daga bayan jarida. "Maman Hazim, matar nan ta shekara ɗari takwas da mutuwa, ba inda za ta. Maɓallin rigata kuwa tun azumi yake jiran ki."

"Ita ba ta taɓa tambaya ta ina shayi ba."

"To ina shayin?"

"Yana cikin gwangwani, Baban Hazim, yana gaishe ka."

Da sanyi ya shigo, sai ta jiƙa hannu a ruwan ɗumi kafin ta iya riƙe allura. Wata rana layi biyu take yi ta ajiye. Miyar lalo ta ƙone sau da yawa, Mitwalli ya ci bai ce komai ba, wanda a wurinsa babban jihadi ne.

Ana gobe zagaye, da hantsi, ta yanke zare na ƙarshe. Sai a lokacin ta tuna ba ta taɓa gwada rigar ba. Tsoron gumi da maiƙon kicin ya sa tun farko ba ta bari ta taɓa jikinta.

Ta zura kai, kai ya ƙi wucewa.

"Baban Hazim! Zo ka ja."

Ya zo ya tarar da matarsa ta koma buhu mai ƙafafu. "Ta ina zan ja, ta sama ko ta ƙasa?"

"Ja ƙasa, sarkin surutu, numfashina zai ɗauke!"

Da ƙyar, bayan kunnuwa sun sha wuya, kai ya fito. Sai hannuwa suka ƙi ɗaguwa. Ta nemi ta gyara gashinta, hannu ya tsaya a ƙugu. Ta nemi ta taka, ƙafa ta ce iyakarta taƙi ɗaya. Ƙirjin ya tattare, kafaɗa ta ja baya. Mitwalli ya dafa ƙofa yana dariya har da tari.

"Wallahi ko fasinjan da ya ɓuya a ƙarƙashin kujera bai kai ki takura ba. Da haka suke yawo? Shi ya sa suka ƙare!"

Ta ja da baya za ta zauna a bakin gado, rigar ta ƙi lanƙwasa, sai ta tafi gaba ɗaya ta faɗi rigingine a kan katifa.

Nan take duk tattarar ta baje. Adon ya kwanta daidai tsakiyar ƙirji. Hannuwa suka miƙe a gefe, inda ɗinki ya ajiye su. Ƙasan ya rufe idon sawu cif, ƙafafu a haɗe. Ko a ƙarƙashin gilashi ba ta yi kyau haka ba.

Dariyar Mitwalli ta tsaya.

Awatif tana kallon rufin ɗaki, abin ya zo mata a hankali. Ta sha jin Tiriza, ƙawarta a cikin matan Alhamis, tana cewa kakanninsu Kiristocin ƙauye da tufafi suke binne mamaci. Wuyan bai buƙaci faɗi ba, don ta baya aka bar rigar a buɗe, bayan da gilashi bai taɓa nuna mata ba. Manyan takun nan kuwa na wata ce da ta zauna tana ɗinki mutane na jiran ta a waje za su kai gawa makabarta.

"Tashi," in ji Mitwalli, muryarsa ta sauya. "Maman Hazim, tashi ki cire abin nan."

"Bar ni kaɗan. Rabona da kwanciya da rana tun ina amarya."

"Ba na son wannan wasan." Ya zauna a gefen gadon, ya kama yatsunta da suka karkace. "Bari in kai wa telan da ke ƙasan benen nan. Ya buɗe gefen, ya ƙara ƙyalle, kafin azahar ya gama. Wa zai sani?"

"Madam Safinaz daga bakin ƙofa take jin warin keke."

"To ki gyara da hannu."

Ta ɗago yatsun iyakar inda rigar ta yarda, ta dube su. Gyaran aikin wata uku ne ga mai lafiya. In ma an gyara, ta zama wata riga dabam, ba wadda ido ya gani ba. Ta ce, "Taimaka mini in fita. A hankali, kada ka ɓata mata wuya."

Washegari ta je da baƙar jallabiyarta ta kullum, rigar na naɗe a jaka. Ta shimfiɗa ta a kan dogon benci a tsakar gida, ta miƙe mata hannuwa. Madam Safinaz ta sa tabarau, ta bi ɗinkin ciki da waje tana neman laifi, ba ta samu ba, abin da ya ɗan ɓata mata rai.

"To me ya hana ki sakawa, Awatif?"

"Madam, mai ita ma ba ta yi yawo da ita ba."

Tiriza ta matso ta duba hammatar da wuyan, sannan ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. Awatif ta ciro ragowar shuɗin zare da alluranta ta danƙa mata.

Aka fara zagaye. Mata suka wuce da manyan hannuwan riga suna share ƙasa, dangi na yi musu tafi. Wata ta kira ta, mayafinta ya zame, Awatif ta nuna mata yatsu ta girgiza kai. Ta zauna a ƙarshen bencin, ta tuɓe takalmi, ta rungume kofin shayi da hannu biyu don ɗumin.

Mai hoto ya zo kan rigar, ya durƙusa, ya miƙe, ya karkata. "Hajiya, ɗan matsa kaɗan, baƙar rigarki na shiga hoton."

"Ɗana, na riga na zauna," in ji ta. "Kai ka matsa."