Shekara Sha Ukun da Alhaji Bawa Ya Ƙara

Yau shekara huɗu ke nan da rasuwar aminina Alhaji Bawa, dillalin shanu a nan Zangon Kwatano, kuma wallahi da murna na ɗauki alƙalami. Ina da albishir, shi ya kamata ya fara ji.

Shekara goma sha uku kafin rasuwarsa, muna tsakiyar ciniki a kara, wato kasuwar shanu, ya dafe ƙirji ya durƙushe. Hanyar jinin zuciyarsa ce ta toshe. A lokacin sai da aka fita da shi ƙasar waje. Can aka zura siririyar waya ta jijiya har zuciya, aka buɗe hanyar, aka bar wani ɗan ƙarfe ya tokare ta.

Ya dawo, muka yi masa abin da muka iya. Kowane ɗan kara ya aiko da tozo da farfesu mai maiƙo, don mu a wurinmu kitse shi ne girmama majinyaci. Bawa ya rabar da shi duka, ya zauna yana cin kifi da ganye. Sannan ya tsiri tafiyar ƙasa, kullum bayan asuba har gadar Akpakpa ya dawo. Alhaji guda, da babbar riga, yana zufa a bakin titi! Masu baburan haya, waɗanda muke kira zem, suka riƙa tsayawa don tausayi.

"Alhaji, hau mana, kyauta ne."

"Lokotoro ya ce in taka," in ji shi, yana nufin likita, ya wuce.

Zango ta ɗauka ya karye. Ni ne kan gaba wajen tsokanarsa, ban ɓoye ba. A haka ya aurar da 'ya'ya biyar, ya sake zuwa Makka, bai taɓa tsallake ƙwayar maganinsa ba. Ciwon da ya ɗauke shi ma wani ne daban.

Bara abin ya faɗo kaina. Ni a cikin garin nan aka yi mini aikin, ko jirgi ban hau ba. Da Bawa ya ga wannan, da har gida-gida zai bi yana ba da labari. Amma na dawo na kwanta, na sa wa raina cewa tawa ta ƙare. Na daina zuwa kara, na fara kiran mutane ina neman gafara. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Sai ga Hajiya Rabi, matar marigayin, ta zo dubiya. Ko zama ba ta gama yi ba ta fara.

"Alhaji Idi, wai wasiyya kake yi? Abokinka da ƙarfen nan ya yi shekara goma sha uku yana damuna da surutu. Tashi ka ba mutane wuri!"

Na yi dariya har da hawaye. Washegari na fita, da kyar na kai bakin layi. Yanzu mu shida ne muke takawa, duk masu furfura, babu mai ce mana mun karye. Abin da Bawa ya bari ke nan: ya sha kunyar shi kaɗai, mu muka samu hanya a share.

Ga albishir ɗin, Bawa. Shekaranjiya likita ya duba ni ya ce zuciya na aiki lafiya lau. Daga asibiti kara na zarce. Ban kalli manyan bijimai ba, ɗan maraƙi na saya, ja, ko ƙaho bai fito masa ba. Sai ya shekara huɗu kafin ya isa sayarwa, kuma in Allah ya yarda ni zan yi cinikinsa da bakina.