Gurmin Ɗanlami a Taron Doguwa

Garinmu Ƙofa, ƙarfe biyar da rabi

Muna idar da sallar asuba muka hau loda kaya a a-kori-kurar Malam Iliya: gangunana biyar da na sayo na hannu a Kano, jitar Nura da lasifikarta, sai gurmin Ɗanlami, wanda ya ƙi yarda a sa shi a baya, ya rungume abinsa. Mu uku ke nan, kuma tun kafuwarmu ba a taɓa gayyatarmu ko'ina ba sai ranar.

Bara da kaka muka haɗu a siton masarar kawuna, shi ya sa mutanen gari ke kiranmu 'Yan Sito. Kiɗan rok muke yi, irin wanda ba a cika ji a rediyo ba: jita mai gurnani, ganga mai nauyi, waƙa kuma tamu ce, kan abin da ke damunmu. Nura a waya ya koyi jita. Ɗanlami kuwa gado ya yi, don gidansu maroƙa ne tun kakanni. Ranar da ya shigo cikinmu sharaɗi ɗaya ya kafa: ba zai ƙara wasa wani mutum da gurmi a hannunsa ba. Ya gaji da durƙuso a gaban masu kuɗi tun yana yaro. Muka ce ai mu ma abin da ya tara mu ke nan.

Kwanar Ɗangora, shida da kwata

A nan muka saki hanyar Zariya, muka tsaya shan shayi da burodi. Mai shayi ya leƙa bayan mota, ya tambaya ko bikin wa za mu. Na ce ƙungiyar manoman masara ce ta gayyace mu Doguwa. Ya ce to ina sanƙiranku, mai yi wa manya kirari? Na ce ba mu da shi, ba roƙo muke yi ba. Ya yi dariya har ya zubar da madara. Na ji haushi, amma da na san abin da ke gaba da na tsaya na saurare shi.

Tudun Wada zuwa Falgore

Bakwai da minti goma muka wuce Tudun Wada. A shingen bakin dajin Falgore jami'i ya sa aka sauke ganguna ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa kowace da ɗan yatsa. Minti ashirin da biyar muka ɓata. Nura ya yi ta gwada amshin "Masara Ta Tafi" a cikin mota, waƙar da muka shekara muna gyarawa, kan manomin da ke sayar da amfaninsa da kaka a wulaƙance, ya dawo ya saya da tsada da damina. Malam Iliya ya ce wannan ai labarin gidansa ne.

Doguwa, tara saura kwata

An ce mu iso ƙarfe tara, mun kuwa cika alkawari. Ba a fara taro ba sai biyu da rabi. Muka zauna a gindin mangwaro muna cin gasasshiyar masara, ba wanda ya ce mana sannu.

Da babban baƙo ya iso, wani Alhaji dillalin hatsi, sai sakataren ƙungiya, Malam Garba, ya zo da takarda ya miƙa min. Sunaye goma sha ɗaya ne, kowa da sunan mahaifinsa da garinsu. Ya ce a fara da Alhaji. Na yi masa bayani cikin ladabi cewa tun a waya na gaya masa waƙarmu za mu yi. Ya ce ya ji, amma ya ɗauka kunya ce irin ta yara.

"Makaɗi ya zo gaban manya bai wasa su ba? A ina aka taɓa yi? In ba kirari, ba janareta."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fara kwance ganguna, na ce mu tafi. Nura ya tsaya riƙe da wayar jitarsa kamar an dasa shi. Shekara guda yana jiran wannan rana, har sabuwar tsirkiya ya sa. Ɗanlami ya dube shi, ya dubi manoman da suka cika fili. Ya karɓi takardar daga hannuna.

"Bari, Habibu. Minti goma ne. In na gama sai su ji tamu."

Ban taɓa jin ya yi roƙo ba sai ranar, kuma wallahi ya iya. Ya ɗauko Alhaji tun daga kakansa, fili ya ruɗe da guɗa. Aka yi ta manna masa kuɗi a goshi, suna zubewa ƙasa, bai ko kalle su ba. Minti goma ta koma awa guda, don duk wanda aka wasa sai ya turo a wasa amininsa.

Huɗu saura minti biyar aka ce to 'yan samari su yi tasu. Nura ya saki jita, na shiga da ganga. Ba mu kai amshi na farko ba Alhaji ya miƙe, jama'a suka bi shi zuwa motarsa, wani ya kashe janareta. Malam Garba ya zo yana murmushi, wai mun burge, musamman mai gurmi. Na juya na hau kwance ganguna, don abin da ke bakina bai dace da sa'an ubana ba.

Komawa

Muka yi la'asar, muka ɗau hanya huɗu da rabi. Muka ratsa Falgore muka fito. Malam Iliya ne ya roƙi Nura ya ƙarasa masa waƙar da baki, ya ƙarasa, shi kaɗai ya ji ta har ƙarshe.

Ana kiran magariba muka shiga Ƙofa. Ashe wani ya ɗauki bidiyon roƙon Ɗanlami a waya, har ya riga mu isowa. Mahaifin Ɗanlami na tsaye a ƙofar sito da sandarsa, fuska cike da fara'a. Ɗanlami ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya dafa kansa.

"Yau ka dawo gida, ɗana. Na san jini ba ya ɓuya."

"Na gode, Baba," in ji Ɗanlami, kansa a ƙasa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Malam Iliya da ya saurare mu. Sati uku ke nan, an kira ni sau huɗu, kowa mai gurmin nan yake nema. Ni da Nura muna zuwa sito duk Laraba da yamma. Gurmin yana rataye a ƙusar da Ɗanlami ya bar shi a daren, shi kuwa bai sake zuwa ba.